Sai an biya cif kafin a yi odar kaya?

Baban Sadiƙu (gyaran janareta, Kwangila):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina sanar da abokan hulɗata da ke nan wani tsari da na yanke, ina kuma son jin ta bakin 'yan'uwa masu sana'a. Daga farkon watan gobe, duk kayan da babu shi a Zariya, wanda sai an aika Kano ko Legas ko Nnewi, ba zan yi odarsa ba sai mai inji ya biya kuɗin kayan cif har da na mota. Kuɗin aikina kuwa sai inji ya tashi. Fulogi, igiyar ja, tiyon mai, ringin ƙaramin Tiger, waɗannan ba sa cikin maganar, ina da su ko in tura yaro Sabon Gari. Ina nufin karanshaf, amecha, buloki, AVR (na'urar daidaita ƙarfin wuta) na manyan janareta, da kayan tsofaffin injina irin su Robin da ba kowa ke ajiye su ba. In kaya ya iso mutum ya ce ya fasa gyara, kayansa ne, ya ɗauka. Kuɗi ba ya dawowa.

Maman Ilham (Tudun Wada):
Wa alaikumus salam. Oga, biya kafin oda ban ƙi ba, wannan "kuɗi ba ya dawowa" ɗin ne ya tsaya mini a rai. Injin markaɗena ya taɓa bugawa, wani bakanike da ba zan kama sunansa ba ya ce sai an kawo karanshaf daga Kano. Kwasar adashena na ɗauka na ba shi. Yau mota ba ta taso ba, gobe mai shagon ya tafi jana'iza, jibi kaya ya iso tasha amma direba ya kashe waya. Matan unguwa duk suka koma kai markaɗe layin baya. Da na matsa, yaron shagonsa ne ya tsegunta mini cewa ko aika kuɗin ba a yi ba, an yi wa wani aiki da su. To da ƙa'idarku ce ke aiki a lokacin, ba ni da bakin cewa a ba ni kuɗina kenan?

Baban Sadiƙu:
Hajiya, wancan ba oda ya yi ba, cin amana ya yi. Ni maganata a kan kayan da aka sayo ne ya iso.

Maman Ilham:
To ta yaya zan san an sayo? Shi ma ai rantsuwa ya yi ta yi mini.

Ɗan Hanwa:
Tambaya kenan Maman Ilham. Ni dai duk wanda na bai wa kuɗi kafin aiki, na tela ne da ɗinkin sallah, da zarar kuɗi ya shiga aljihu sai ka koma bayan layi, wanda bai biya ba shi ake yi wa sauri don a karɓi nasa. Rabi nake bayarwa, in an ƙi in ɗauke injina.

Mai Safaya (kasuwar Sabon Gari):
Ku bari in faɗi yadda abin yake a bayan kanta, tunda ni ke tsakanin bakanike da dila. Kafin 2023, in amintaccen bakanike ya kira ni yana son amecha, sai in kira mutumina a Kano ko Legas ya sako a mota. Ni in biya shi ƙarshen wata, bakanike ya biya ni in mai inji ya sallame shi. Bashi ne a kan bashi amma yana tafiya, don farashin yau kusan shi ne na wata mai zuwa. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a farkon 2024. Kayan nan kuwa mafi yawansu daga Sin ake shigo da su. Dila ya ba ka kaya bashi, ranar da za ka biya kuɗin ba za su sake sayo masa irinsa ba. Sai suka rufe littafi. Yanzu sai alat ya shiga ake ɗaure kwali. Ga cire tallafin mai a ƙarshen Mayun shekarar, kuɗin da direba ke karɓa a kan saƙo shi ma ya bi sama.

Ɗan Hanwa, rabin da kake cewa, ɗaya rabin wa zai cika? Bakanike mai rumfar kwano a bakin titi, jarinsa akwatin sifana ne. In mutum uku suka ba shi rabi-rabi a mako ɗaya, ya tashi aiki.

Na biyu, akwai kayan da ba a mayarwa. AVR, kwayil, kafasita, duk kayan wuta in an ɗaura an cire babu dilan da zai karɓa, don bai san abin da ya same shi ba. Karanshaf in babu tabon sifana a jikinsa wani lokaci ana roƙo a canza, amma kuɗin mota zuwa da dawowa a kanka.

Ɗan Hanwa:
Na ji. Amma ku ma masu safaya kuna fakewa da dala. Ta sauko ba ku sauko ba.

Mai Safaya:
Wannan wata muhawarar ce, ka buɗe mata nata zaren in zo in same ka.

Alhaji Mai Lambu (bakin Galma):
Ni in injin ban ruwa ya tsaya a watan Fabrairu, ba tambayar nawa nake yi ba, tambayar yaushe nake yi. Tumatir mai fure ba ya jiran mota. Don haka biya cif ba ya damuna, na sha yi. Abin da nake so Oga ya amsa mini daban ne.

Bara injina mai inci uku ya buga. Bakanike ya buɗe, ya ce karanshaf. Na biya nan take, aka aika. Da kaya ya zo ina tsaye aka yage leda, sabo fil da maiƙonsa. Ya ɗauko tsohon ya jera su a kan buhu, sai na ga ya yi shiru. Bakin tsohon nawa zare ne da shi, inda fankar ruwa ke ɗauruwa. Sabon kuwa bakinsa sumul ne, yana tafiya yana tsukewa, na janareta kenan. Ya juya shi ya sake juyawa kamar zare zai fito. Sai ya ce wai shi na injin da ake kira 5.5 ya ce a kawo, laifin mai shago ne. Mai shago a waya ya ce 5.5 aka ce masa, 5.5 ya bayar. Ni da ban ce komai ba aka ce in ƙara kuɗi a sake aikawa. Hayar inji na koma yi a wajen maƙwabci, ina zuba mai ina biyan haya. To Oga, a tsarinka, wannan karanshaf na wa ne? Nawa ne in ɗauka in kai gida?

Baban Sadiƙu:
Alhaji, ranka ya daɗe, wannan a wuyan bakanike yake, babu ja. Wanda ya ce "karanshaf na 5.5" ya kashe waya bai yi oda ba. Injin da muke kira 5.5 asalinsa Honda GX160 ne, 'yan Sin suka kwaikwaya suka rubuta 168F a jiki. To shi 6.5, wato GX200, shi ma kwaikwayonsa 168F ake rubutawa da ɗan ƙarin harafi ko lamba a baya, don faɗin fistin ɗinsu ɗaya ne, milimita 68. Amma tafiyar fistin ta bambanta, na farko 45 na biyu 54, saboda haka karanshaf ɗin wannan ba ya zama a wancan. Bayan haka ga baki kala-kala: mai tsukewa na janareta, mai zare na famfo, miƙaƙƙe mai gurbin ki wanda ake ɗaura wa fule a injin markaɗe, shi ma akwai mai kauri milimita 19 akwai 20. Ni ba na aikawa sai na ɗauki hoton tsohon da ma'auni a jikinsa na tura, in Kano ne ma tsohon nake bai wa direba ya tafi da shi. In duk da haka ya zo bai dace ba, tsakanina da dila ne, mai inji ba ruwansa.

Alhaji Mai Lambu:
To ka sa wannan a cikin sanarwar mana. Yadda ka rubuta ta, mai inji kaɗai aka ɗaure.

Oga Rewayin (PZ):
Kowa na ta kawo labarin bakanike ya ci kuɗi. Ku zo shagona ku ga bayan ƙofa. Janareta ne jere, wasu ƙura ta rufe lambarsu. Akwai wanda ya kawo babba mai lamba 188F, ya ce Oga yi oda kawai ni da kai ba ma haka. Na cire kuɗin makarantar yara na sayo amecha. Da na kira shi sai ya ce ai ya sa sola, in sayar da janaretan in cire kuɗina. Da na samo mai saye kuma sai ya ce ƙaninsa yana so, kar a taɓa. Amechar tana nan a kwali, janareta yana nan, ba na iya sayarwa ba na iya jefarwa, haya kuma ina biya a kan wurin da ya tare. Tun da mai ya yi tsada mutane da yawa gyaran janareta ya fita ransu a tsakiyar aiki. Ni na riga Baban Sadiƙu fara karɓar kuɗi cif, sanarwa ce kawai ban yi ba.

Malam na Gyallesu:
Allah ya yi wa sana'a albarka. Na bi zaren tun daga sama, ina ganin kowa na da gaskiya a ɓangarensa, sai dai ba ciniki ɗaya ake magana a kai ba. Kuɗin da ake miƙa wa bakanike kafin kaya ya zo, malamai sun bambanta hukuncinsa gwargwadon abin da aka ƙulla.

In ka ba shi ne ya sayo maka, ɗan aike ne, wato wakili. Kuɗin amana ne a hannunsa, ba ya taɓa su don wata buƙata ko da zai mayar gobe, wanda ya yi wa Maman Ilham haka ya ci haram tun kafin a zo maganar jinkiri. Kayan da ya sayo naka ne tun daga kantin dila. In ya ɓata a hanya ba tare da sakacinsa ba, asararka ce, in ka fasa gyara ma kayanka ne, nan Baban Sadiƙu ya yi daidai. Amma fa ɗan aike ba ya ɗora ko sisi a kan farashi sai da saninka, in canji ya rage naka ne.

In kuwa sayar maka ya yi, ya ce karanshaf kaza ne, kawo kuɗi in kawo maka ran kaza, wannan shi ne salam. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina suna biyan kuɗin dabino shekara ɗaya ko biyu kafin a karɓa, bai hana ba, sai ya ce a yi shi da sanannen mudu, sanannen awo, zuwa sanannen lokaci. A nan biya cif ba zalunci ba ne, sharaɗi ne ma. Ribar da bakanike ya ci halas ce, ba sai ya faɗi nawa ya sayo ba. Sai dai kayan yana wuyansa har ya damƙa maka shi a kan siffar da aka yi magana. Ya ɓata a mota, ya zo bai dace ba, farashi ya tashi kafin ya saya, duk nasa ne.

Abin da nake gani a gareji shi ne, wajen riba bakanike ɗan kasuwa ne, in asara ta zo sai ya koma ɗan aike. Biyun ba sa haɗuwa. Ƙa'idar ita ce wanda ke cin amfanin abu shi ke ɗaukar lamuninsa.

Oga Rewayin:
Allah gafarta Malam, kun taɓa yini a tasha kuna jiran kwali? Katin waya, kuɗin acaɓa, rufe shago, duk wa zai biya? In na ce wa mutum kaya 40,000 ne kuɗin wahalata 4,000, wallahi sai ya yi cinikin 4,000 ɗin nan har ya koma 1,000. In na ce 44,000 a dunƙule sai ya biya ya yi godiya.

Malam na Gyallesu:
Ka ce 44,000 a dunƙule, babu wanda ya hana ka, Oga. Ka zama mai sayarwa kenan. Amma ranar da dila ya ce kaya ya koma 47,000, kar ka kira shi neman ciko, kuma kar ka ce masa "haka aka sayar mini" alhali ba haka ba ne.

Oga Rewayin:
To in haka ne sai in riƙa cewa 50,000 tun farko don in kare kaina. Wa ya ci riba da wannan fatawar?

Maman Ilham:
Ni dai na gwammace a ce mini 50,000 sau ɗaya da a ce 44,000 sannan a yi ta kirana ciko ina tsakiyar aiki. Aƙalla na san abin da zan nema.

Abu Hanan (Samaru):
Malam, akwai na uku da ba ku taɓo ba, kuma shi ne aka fi yi. Mutum ya ba da wani abu kafin alƙalami, in ya dawo a lissafa cikin kuɗi, in ya fasa an cinye. Na ji wasu na cewa haramun ne kai tsaye, wasu na cewa ya halatta.

Malam na Gyallesu:
Shi ne arabun, kuma saɓanin tsoho ne. Imamu Malik ya kawo hadisin hani a kansa a Muwaɗɗa, a kan haka mazhabarmu take, haka Hanafiyya da Shafi'iyya, suna ganin cin dukiyar mutum ne ba a bakin komai ba. Imamu Ahmad ya halatta, ya kafa hujja da cinikin gidan da Nafi'u ɗan Abdul Haris ya saya wa Sayyidina Umar a Makka daga Safwanu ɗan Umayya don a mayar da shi kurkuku, a kan in Umar bai yarda ba Safwanu zai riƙe wani abu. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta bi wannan ra'ayi a zamanta na 1993 a Brunei, da sharaɗin a yanke tsawon lokacin jira. Amma ka lura tsarin Baban Sadiƙu ba arabun ba ne, don shi in ka fasa kayanka yake ba ka. Wanda ke riƙe kuɗi ya kuma riƙe kaya ya sayar wa wani, shi ne ya shiga wurin saɓani.

Abu Hanan:
Jazakallahu khairan. Kenan Oga Rewayin da an ba shi rabi, ya riƙe amecha ya riƙe rabin...

Oga Rewayin:
Ba a ba ni ko kwabo ba, ɗan'uwa, kar ka sa ni cikin misali.

Lauyan Gobe (Kongo):
In ƙara da ɓangaren doka, tunda ba kowane abokin ciniki ne zai yarda a je wajen malam ba. Akwai dokar gasa da kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. A cikinta mai saye yana da damar soke odar da ya bayar, shi kuma mai kaya yana da damar cire wani abu daidai misali saboda sokewar. To "kuɗi ba ya dawowa" a kowane hali ba zai tsaya ba. In mutum ya biya da safe ya fasa da azahar, ba a tura wa dila komai ba, da wace hujja za a riƙe? Amma in an sayo kayan da ba ya mayaruwa, abin da za a cire zai iya kaiwa kusan duka. Gaskiya dai ban ga mai zuwa hukuma a kan AVR ba, ƙarshenta ofishin 'yan sanda ake kai irin wannan, alhali ba aikinsu ba ne karɓar bashi.

Baban Sadiƙu:
Barista, in ban tura ba ai kuɗinsa na nan, me zan yi da su? Ni da zarar an biya, a gaban mutum nake yi wa dila tiransifa, ya ga alat da idonsa.

Maman Ilham:
Yauwa Oga, amsar da nake nema tun ɗazu kenan. In a gabana za a tura, ko a ba ni lambar asusun mai kayan in tura da kaina, magana ta ƙare.

Mai Safaya:
Hajiya, wannan na biyun ba kowane bakanike zai yarda ba. In ya ba ki lambar dila ya ba ki sirrin sana'arsa, gobe ke za ki riƙa yin oda da kanki.

Maman Ilham:
In yi oda da kaina in ce a kawo mini me? Ni da ban san mai zare da mai tsukewa ba sai yau.

Injiniya Palladan:
Akwai ramin da duk ba ku leƙa ba, ya fi na kaya bai dace ba zurfi. Kaya ya zo daidai, an ɗaura, amma ba shi ne ciwon ba. Janareta ya daina ba da wuta, bakanike ya ce AVR, aka biya aka kawo. Aka ɗaura, ya yi minti biyu ya ƙone, don tun asali kwayil ne ya haɗe a ciki, shi ya kashe na farkon ma. Ko kuma burushi ne kawai ya cinye, abin da bai kai kuɗin kwanon abinci biyu ba. Da ya sa mita ya auna kwayil da amecha kafin ya buɗe baki da bai kai ga haka ba, amma shaguna nawa ke da mita mai aiki? Gwaji ake yi da kuɗin mai inji. Muddin bakanike da kuɗinsa yake saye, sai ya tabbatar kafin ya aika. Ranar da aka ce mai inji ne zai biya cif kuma ba a mayarwa, me zai sa ya wahalar da kansa? Wannan ne tsorona da tsarin, ba wai gudu da kuɗi ba.

Ɗan Hanwa:
Allah ya biya ka Injiniya. Abin da na kasa faɗa kenan.

Oga Rewayin:
Injiniya, inji ba a ganin cikinsa duka sai an tayar. Wani ciwon yana ɓoye a bayan wani. Ka canza ringi hayaƙi ya tsaya, sai ka ji ƙarar konrod, wato sandar fistin, da da ba ka ji ba. In an ce duk abin da ya ɓullo daga baya a wuyanmu yake, ba wanda zai taɓa tsohon inji.

Injiniya Palladan:
Ciwo na biyu daban, kuskuren gano ciwo daban. In ka canza ringi kuma da gaske ringin ya mutu, ka yi aikinka, konrod sabon lissafi ne. In ka sa na sayi AVR alhali nawa lafiyarsa ƙalau, ko ka ɗaura sabo a kan kwayil mai matsala ya ƙone, wannan fa?

Malam na Gyallesu:
A mazhabar Malik masu sana'ar hannu suna lamunce abin da aka bar musu in ya lalace a hannunsu, an yi haka ne don kare dukiyar mutane. Wanda ya ƙone kaya saboda bai auna ba, alhali masu sana'ar sun san ana aunawa, sakaci ne.

Baban Sadiƙu:
Ni ina da mita, kuma ba na ɗaura AVR sai na auna. Amma ba zan yi alƙawarin duk abin da na ce shi ne ba zai taɓa sauka ba, ni ba likitan da ke da hoto ba ne. Abin da zan iya, in na sa mutum ya sayi abin da ba shi ne ba, kuɗin aiki ya faɗi, kayan kuma in riƙe in sayar in ba shi kuɗinsa in an saya.

Injiniya Palladan:
In an saya. In ba a saya ba fa? Ka ga an dawo kan mai inji.

Baban Sadiƙu:
To sai mu raba. Fiye da haka ban iya ba, gaskiya.

Baba na Ƙofar Doka:
'Ya'yana, ni injin niƙa na riƙe shekaru masu yawa, tun ana yayin Lister. Abu ɗaya nake yi har yau, duk abin da aka cire a injina sai an ba ni tsohon a hannu, sabon kuma a buɗe kwalinsa a gabana. Ba don na zargi kowa ba. Bakanike na kirki ma ya fi son haka, don ya fita daga bakin mutane. Sannan ku masu Robin, ku daina biyan kuɗin orijina. Kamfanin Subaru da ke yin injin ya daina ƙera irin waɗannan tun 2017. Abin da za a kawo muku ko tsohon ajiya ne, ko na hannu da aka ciro a wani inji, ko kwaikwayo. A faɗa muku wanne ne kafin ku biya.

Mai Safaya:
Gaskiya ne Baba. Kwalin ma yanzu kala ɗaya ake bugawa, sai ka ɗaga ka ji nauyi.

Lauyan Gobe:
Duk wannan takarda ɗaya za ta ɗauke shi. Sunan kaya da lambar inji, sabo ne ko na hannu, nawa aka biya, ranar da zai iso, in ranar ta wuce me za a yi. Kowa ya sa hannu.

Oga Rewayin:
Barista, ka ce wa Alhajin da ya girme ka ya sa hannu a takarda a kan kabureta, ka ga in zai sake dawowa shagonka. Cewa zai yi ka mai da shi maƙaryaci.

Alhaji Mai Lambu:
Ni Alhaji ne kuma zan sa. Amma ba sai takarda ba, a yi mini saƙon murya a WhatsApp a faɗi kaya da kuɗi da rana, in amsa na ji na yarda. Yana nan a waya. Ranar ce dai ba na so a tsallake. Oga, kai kwana nawa kake yankewa?

Baban Sadiƙu:
Kano in an biya kafin azahar, gobe yana hannu in Allah ya so, tunda motoci ba sa yankewa. Kaduna ma haka. Legas da Nnewi ba na yanke ƙasa da mako guda, don sai mota ta cika, kuma can Gabas daga 2021 an sha rufe kasuwanni ranar Litinin, in oda ta faɗa ƙarshen mako an yi asarar kwanaki. Zan ce kwana goma. In ya wuce ban kawo ba, mai inji ya zaɓa, ya ƙara jira ko in ba shi kuɗinsa, in kayan ya iso daga baya nawa ne.

Oga Rewayin:
Ka ɗaure kanka da yawa. Mota ta lalace a Lokoja kai za ka biya?

Baban Sadiƙu:
Shi ya sa na ce goma ban ce biyar ba.

Injiniya Palladan:
Maganar rabawar nan dai ban gamsu ba, amma a bar ta. Mai Safaya, tunda kana nan, kaburetar gas ta 6.5 wadda manoma ke sa wa injin ban ruwa, akwai ta a ƙasa ko ita ma sai oda?

Mai Safaya:
Ta ƙare jiya, masu lambu sun kwashe. Yarona zai shiga Kano ranar Alhamis. Mai so ya turo hoton tsohuwar kaburetarsa da lambar da ke jikin buloki kafin Laraba da yamma.

Ɗan Hanwa:
Rabi ko cif?

Mai Safaya:
Cif.